Sunayen da Ene Ta Furta

"Makullin yana wurin Zamira eje," in ji saurayin da ke bayan tebur, yana nufin mai kula da ɗakin kundaye, wadda ake girmamawa da eje, wato yaya, "ita kuma ta tafi Talas bikin ɗan ƙanwarta."

"Yaushe za ta dawo?"

"In naman bikin ya ƙare."

Nurzada ta dire jakarta a kan tebur da ɗan ƙarfi. Tun safe ake yawo da ita a jami'ar nan ta Bishkek, daga sashen adabi zuwa laburare, daga laburare zuwa ɗakin ƙasa, duk a kan tsohon kundin digiri guda ɗaya da wata malama ta rubuta game da koshok, waƙar da mata ke rera wa mamaci. A kan koshok ɗin ita ma take rubuta nata kundin na digiri na biyu. Ga shi kuwa tana kallonsa ta gilashin kabad, da koren bangonsa, ƙura ta yi masa hula, amma kwaɗo ya raba su.

"Baike, ni fa ba wasa ya kawo ni ba," ta ce, tana kiransa da baike, kalmar girmama namijin da ya girme ka.

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai. Dogo ne siriri mai tabarau, rigar sanyinsa ta ɗan sha jiki a gwiwar hannu. Kallon ya daɗe, har ta kama gyara mayafin wuyanta alhali bai karkace ba.

"Kwaɗon na Zamira eje ne," ya ce a hankali, yana janyo aljihun tebur. "Amma ƙusoshin ƙofar na jami'a ne, ni kuma ma'aikacin jami'a ne."

Ya ɗauko sukundireba, ya kwance ƙofar ta ɗaya gefen, ya ture ta da kwaɗonta a rufe, ya miƙo mata kundin da hannu biyu kamar mai miƙa wa baƙo shayi. Dariyar da take ta dannewa ta kuɓuce mata.

"Sunana Tilek," ya ce. "Ki karanta da sauri kafin naman ya ƙare."

Ta karanta, amma ba da sauri ba. Kundin ya ƙare, zuwa laburare bai ƙare ba. Kullum sai ta sami wani abin da za ta tambaya, shi kuma kullum sai ya zama amsar tana da tsawo, sai an zauna a kantin ɗalibai da shayi da samsa, gasasshen burodi mai nama a ciki, kafin ta kammalu.

A nan ta san aikinsa. Jami'a ta kafa kwamiti don tsara ƙa'idar buɗe bincike, Tilek ne sakatarensa, shi ne kuma ke gina rumbun intanet da za a zuba duk kundayen ɗalibai da takardun malamai, kowa ya karanta kyauta daga duk inda yake. In yana maganar rumbun nan, shayinsa har ya huce bai sani ba.

"Me ya sa abin ya dame ka haka?" ta tambaye shi wata rana.

Ya juya kofin a hannunsa. "A garinmu Nookat, can kudu, muna da gonar tuffa. Ina yaro wata cuta ta shiga itatuwan, Apa, mahaifiyata, ta gwada duk abin da maƙwabta suka faɗa, suka bushe ɗaya bayan ɗaya tana kallo. Da na fara aiki a nan, sai na tarar da wani kundi a ɗakin ƙasa, a kan cutar nan, da yadda ake tsayar da ita. An rubuta shi tun kafin ta zo gonarmu. Shafukansa ma a manne suke, ba wanda ya taɓa buɗewa."

Nurzada ta tura masa rabin samsarta, kuma a ranar, da za su rabu, ta ce "sai gobe, Tilek," ba ta haɗa da baike ba. Ya tsaya cak a bakin titi har motar da zai hau ta wuce shi.

Daga nan saƙonni suka karɓi aiki.

"Barka da safiya, Mai Makoki. Jiya kwamiti ya yini yana gardama ko a rubuta 'dole' ko a rubuta 'ya kamata'. Ni nawa ra'ayin bai canza ba: dole in gan ki da yamma."

"Mai Sukundireba, ka bar wa kwamiti dolensa. Ina ƙofar gabas bayan darasi. Ka zo da samsa mai zafi, ba irin ta jiya da ta yi kwanan kanti ba."

"Raina, ta jiya ma da na saya da zafinta. Ke kika tsayar da ni kallonki har ta huce."

Haka hunturun Bishkek ya wuce musu, ba ta ma lura da sanyinsa ba. Da bazara ta kare kundinta a gaban malamai, aka yaba, wata tsohuwar farfesa har da share hawaye da aka kunna muryar da ke babin ƙarshe. Abin da ya rage kawai ta karɓi takardar shaidarta.

Sai aka manna daftarin ƙa'idar a allon sanarwa.

Ta tsaya karantawa da murmushi, don ta san wanda ya sha wahalar kowane layi. Murmushin ya ɗauke a tsakiyar shafi. Duk ɗalibin da zai karɓi takardar shaida a bana, sai ya zuba kundinsa a rumbu kamar yadda ya kare shi, tare da duk abin da aikin ya dogara a kansa, hoto ne ko murya. Wanda bai zuba ba, ba takarda.

Muryar da ke babin ƙarshe ta Ene ce, kakarta ta wajen uba.

Tun ranar da aka kawo Ene gidan miji tana yarinya, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko na yayyensa, ko na mahaifinsu, kamar kowace surukar kirki. Mijin shi ne Mai Jan Doki, wansa Babban Yaya, ɗayan Mai Gemu. Duk sun rasu, amma bakinta bai sake ba. Sai bara, da Nurzada ta je ƙauyensu kusa da Kochkor da rikoda, ta yi ta magiya har Ene ta rufe ƙofar ɗaki, ta juya fuskarta bango, ta fara. Abin da ya fito ba wanda aka roƙa ba ne. Kukan da ta riƙe shekara da shekaru ne ya ɓalle, ta yi ta kiran mijinta da sunansa na yanka, ta kira yayyensa ɗaya bayan ɗaya, tana tambayarsu dalilin da ya sa suka tafi suka bar ta da tsufa.

Da ta gama ta share ido ta ce, "Wa zai ji wannan?"

"Babu kowa, Ene," Nurzada ta amsa da dukkan gaskiyarta. "Malamai kaɗan za su saurara a ɗaki, sannan a kulle shi a kabad. Kundin digiri ba mai karanta shi. Ƙura ce kawai abokiyarsa."

A rubuce ta rufe sunayen da ɗigo-ɗigo. Amma murya ba ta ɗigo. Sunayen su ne ƙashin waƙar, in aka cire su ba abin da zai saura sai numfashi. Kundin da aka riga aka kare kuma ba a sake taɓa shi.

Ta sami Tilek a ofishinsa, ta rufe ƙofa, ta faɗa masa komai a tsaye.

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. "Ni na rubuta layin nan," ya ce. "Ina tunanin masu auna ƙasa da ruwa, waɗanda ke ɓoye alƙalumansu. Wallahi ban tuna da masu murya ba."

"To ka gyara. Kai ke riƙe da rumbun. Ka rubuta cewa na zuba, muryar kuma ta ƙi hawa. Wa zai bincika?"

Ya mayar da tabarau, ya girgiza kai.

"Raina, in na ɓoye naki a asirce, gobe wanda ya kwafi aikin wani zai zo da irin wannan roƙon, kuma shi da ƙarfin ubansa zai zo. Sannan akwai ɗalibai da yawa da suka naɗi muryar tsofaffi. Su nasu kakannin ba su da jikar da ma'aikacin laburare ke so. Bari in nemi a gyara ƙa'idar, ƙofa ta buɗu wa kowa."

"In suka ƙi fa?"

"Zan sake nema."

"Kana nema ana ɗora muryar Ene a wayar kowane direban tasi." Ta ɗauki jakarta. "Ashe ƙa'idarka ka fi so. Da ka faɗa mini tun farko, da ban ɓata maka samsa ba."

Ta fita. Ya kira sunanta a matakala, ba ta waiwaya ba.

Shugaban kwamitin kuwa Mirlan agai ne, wato Malam Mirlan, mataimakin daraktan bincike, ɗan aminin mahaifinta, mutumin yankinsu. Yana da mota mai kyau da magana mai santsi, kuma tun shekarar da ta shigo jami'a mahaifinta ke ambatonsa a duk waya, kamar ba da gangan ba. Shi ya fi kowa tsayawa a kan kada a ɗaga wa kowa ƙafa, don yawan abin da ke rumbu shi ke ɗaga sunan jami'a a jerin jami'o'i. Yana cikin malaman da suka saurari muryar ranar karewa, ya kuma san abin da ya ji.

Ya tare ta a farfajiya da murmushi.

"Ƙanwata, na ga kin rame. Kada ki damu da ƙa'ida, ƙa'ida don baƙi ake yinta. In kin zama 'yar gida, wa zai zo ya tambayi fayil ɗin matar Mirlan?" Ya ɗan rage murya. "Abokin naki kuwa, ki yi hankali da shi. Jiya ya kawo zancen kakarki teburin kwamiti, muna shan shayi ana tattauna ta."

Ta juya ta tafi. Ba ta iya ko sallama ba.

Da yamma wayar mahaifinta ta shigo. Saginbek ba mutum ne mai ɗaga murya ba, shi ya sa in ya yi ƙasa da ita gidan kan yi tsit.

"Mirlan ya kira ni. An ce wani yaro ɗan kudu zai watsa muryar mahaifiyata a duniya tana kiran sunan ubana. An ce kuma da yaron nan ake ganinki."

"Ata, ba haka..."

"Ban gama ba. Ene ba za ta ji wannan zancen ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Yaron nan kuma kada ƙafarsa ta taka ƙofata, ba a matsayin baƙo ba, balle wani abu. Mirlan ya ce zai rufe maganar. Mutum ne da ya san gidan da muka fito. Ki tattaro kayanki ki taho."

Ta koma ƙauye ba takarda.

Gidan da ta fi so a duniya ya zame mata akurki. Da safe ta tatsi saniya, ta ɗora tukunya, ta zuba wa Ene shayi da madara, tana kallon hannuwan tsohuwar suna rawa a jikin kofi, tana haɗiye maganar da take son faɗa mata. Duk inda ta juya bango ne. In ta zuba muryar, ta ci amanar Ene. In ta ƙi, shekarun karatunta sun tafi a banza. In ta bi ta ƙofar Mirlan, ta sayi takarda da rayuwarta. Wanda zuciyarta ke so kuwa, shi ya gina bangon da hannunsa. Takan fita bayan gida ta dubi duwatsu, a da suna ba ta iska, yanzu sai ta ga sun matso.

Saƙonninsa suna shigowa, ba ta amsawa, amma ba wanda ta goge.

"Nurzada, ban san abin da aka faɗa miki ba. Ban ambaci sunanki ko na kowa ba. Ba zan roƙe ki ki yarda da ni ba, zan roƙe ki ki ci abinci."

"Yau ma sun ƙi. Zan sake."

"Na wuce ƙofar gabas, na sayi samsa biyu da mantuwa. Na ba mai gadi ɗaya. Ya ce in gaishe da wadda ta sa nake yawo kamar mara lafiya."

Ta karanta wannan na ƙarshe a bayan garken tumaki, ta yi dariya da kuka a haɗe.

Wanda ya warware mata ƙullin ba shi ba ne. Zamira eje ce ta kira, da muryarta mai cika kunne.

"Ke ce yarinyar da aka kwance mini ƙofar kabad saboda ke? Kada ki musa, ƙusa ɗaya a karkace ya mayar. To saurara. Yaron nan naki ya haukace. Ranar taron majalisar malamai, inda ɗan laburare ba ya ko tari, ya miƙe ba a ba shi izini ba. Ya ce jami'a na da ikon buɗe abin da malamanta suka rubuta, amma muryar tsohuwa a ƙauye ba jami'a ta haife ta ba. Mirlan ya ce ya kawo misali, ya faɗi suna. Yaron ya ce ba zai faɗa ba ko za a kore shi. Sau nawa aka matsa masa, bakinsa gum."

Nurzada ta zauna a kan dutse. "Eje, an kore shi?"

"An sauke shi daga sakatare, an turo mini shi ɗakin ƙasa yana ɗaukar hoton tsofaffin kundaye, yana ta atishawa. Amma tsofaffin majalisa sun karɓi gyaran. Yanzu rubutu a buɗe yake ga kowa, murya kuwa sai abin da mai ita ya ce, a buɗe ko a kulle. Sharaɗi ɗaya Mirlan ya liƙa: sai ma'aikacin laburare ya je da kansa ya ji daga bakin mai muryar, ba daga bakin dangi ba. Ni gwiwata ba ta hawa motar Kochkor. Kin gane ko sai na zana miki?"

Ta gane. Ƙofa ta buɗu, amma ta cikin ɗakin Ene ta bi, wurin da mahaifinta ya hana a kai zancen, da mutumin da ya hana ya shigo.

Ta yini tana juya abin. Da la'asar ta rubuta masa saƙo na farko tun rabuwarsu.

"Ka zo ranar Asabar. Ata zai tsaya a ƙofa. Kada ka yi gardama, kada kuma ka juya."

Amsar ta zo nan take. "Ko zai sa ni tsayuwa har dusar ƙanƙara ta sauko, raina."

Ranar Asabar ya sauka daga motar haya da farar riga da ta sha guga, da kwalin alewa a hannu. Saginbek na tsaye a bakin shinge, hannuwansa a baya. Tilek ya yi sallama, ya miƙa hannu biyu. Dattijon ya dubi hannuwan, ya amsa sallamar a taƙaice, bai matsa daga ƙofa ba.

Sai Nurzada ta fito daga cikin gida ɗauke da faranti, da burodi mai zafi a kai. Ta zo ta tsaya a tsakaninsu.

"Ata, baƙo ya zo daga nesa. Zai juya bai ɗanɗana burodin gidanmu ba?"

Mahaifinta ya dube ta, kallon da bai taɓa yi mata ba. A duk faɗin kwarin nan ba gidan da aka taɓa jin ya kori baƙo da burodi a gabansa, ba kuwa daga gidan Saginbek za a fara ba. Maƙwabciya ma ta riga ta leƙo ta kan katanga.

"Ya ɗanɗana a ciki," ya ce ta cikin haƙora. "Ba a tsaye kamar ɓarawo ba."

Tilek ya zauna can kusa da ƙofa, inda ƙanana ke zama. Ene na saman shimfiɗa da farin ɗankwalinta, tana nazarinsa da ƙananan idanunta.

"Wannan siririn na waye? Ba a ba shi abinci a garinsu?"

"Ene," Nurzada ta durƙusa a gabanta, "ni na kira shi. Akwai maganar da muka ɓoye miki."

"Nurzada," in ji mahaifinta.

Ba ta tsaya ba. Ta faɗi komai, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan shimfiɗa: yadda ta ce kabad zai rufe muryar, yadda zamani ya kwance kabad ɗin, da takardar da aka riƙe mata.

Ene ta juya wurin Tilek. "Kai ne mai rumbun?"

"Ni na fara gina shi, Ene."

"In abu ya shiga, wa zai ji?"

"Kowa."

"Har matan yankinmu na Naryn?"

"Har su. Har wanda ke wata ƙasa."

"In na ce a'a fa?"

"Sai a kulle. Ba mai buɗewa sai wanda kika ambata. Takardar Nurzada kuma za ta fito ko kin ce e ko kin ce a'a. Abin da na zo ji kenan, ba na zo roƙo ba ne."

Tsohuwar ta murza gefen ɗankwalinta. Da ta buɗe baki, muryarta a tausashe take.

"Wancan da na yi, ba na duniya ba ne. Tsakanina ne da Mai Jan Doki, yarinyar nan ta taya mu ji. Ka kulle shi, ka ba ta makullin, ita kaɗai." Ta numfasa. "Amma da kaka da aka binne maƙwabcinmu, 'ya'yansa mata suka zauna kamar duwatsu, ba wadda ta iya buɗe baki ta raka ubanta. Na ji kunya a madadinsu. Ka zo da na'urarka?"

"Tana cikin jaka, Ene."

"To bayan an ci abinci zan yi wani, da sunayen da suka dace da bakina. Wannan ka zuba shi a rumbunka, ka buɗe ƙofar har bango. 'Yan matan nan su koya."

Nurzada ta kifa kanta a cinyar kakarta, kukan da ta riƙe tun bazara ya zubo. Ene na shafa gashinta, amma idonta na kan ɗanta.

"Kai kuma. Kana ta gadin mutuncina kamar kare a bakin garke, ba ka taɓa tambayata ina nake so a ajiye shi ba. Shi wancan Mirlan mai motar, da ya ji abin da bai kamata ya ji ba, sai ya ɗauki waya yana ciniki da shi. Wannan siririn ne kaɗai ya hau mota ya zo ya tambaye ni."

Saginbek ya sunkuyar da kai, babban mutum mai furfura, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Can ya yi gyaran murya.

"Apa, ɗan kudu ne. Ba mu san danginsa ba."

"Ni da aka kawo ni gidan nan, wa ya san nawa?"

Saginbek ya dubi Tilek, ya dubi burodin da saurayin ya gutsura ya riƙe bai iya ci ba. Sannan ya juya ga 'yarsa, ya yi abin da ba a saba ji daga bakinsa ba.

"Ke fa? Me kike so?"

Nurzada ta ɗago, ta share fuska da bayan hannu. Kunya ta rufe ta har kunnuwa, amma ta gaji da haɗiye magana.

"Shi nake so, Ata. Na roƙe shi ya yi mini ƙarya, ya ƙi, na yi fushi. Yanzu saboda wannan ƙin nake son in zauna a gidansa."

Tilek ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya goge, ya sake gogewa, gilashin da ba abin da ya same shi.

Ene ta buɗe tafukan hannunta. Nurzada ta buɗe nata, Tilek ya ajiye burodin ya buɗe nasa. Na Saginbek ne suka yi jinkiri a kan gwiwarsa, sannan a hankali suka tashi.

"Allah Ya haɗa kanku, Ya sa hayaƙin gidanku ya miƙe sama," in ji tsohuwar. "Ya sa shimfiɗarku ta cika da baƙi, gabanku da 'ya'ya, bayanku da dabbobi. Kada ɗayanku ya ɓoye wa ɗaya abin da ke cinsa. Ku tsufa tare har ku gaji da ganin juna, ku kasa rabuwa."

Suka shafa, suka ce amin.

Saginbek ya miƙe, ya nuna wa Tilek wurin zama a sama, kusa da Ene, ya jira har saurayin ya taso ya zauna. Sannan ya daidaita hularsa, ya yi magana da ƙarfin da maƙwabciyar da ke bayan katanga za ta ji.

"Ka faɗa wa mahaifiyarka ta zo da 'yan kunnen neman aure, ƙofata a buɗe take. Da kaka, in dabbobi sun sauko daga dutse, za a yi biki."